Bai Nuna Ba

Ƙudaje ne suka rako su tun daga ƙofar gida har bakin asibiti. Da suka zauna a benci, ƙudajen ma suka jeru a kan zanen da Baba ya rufe cinyarsa da shi, kamar su ma kati suka yanka. Matar da ke kusa da su ta ja mayafi ta toshe hanci, ta tashi ta koma can ƙarshen bencin. Auta ta gan ta, kuma ba ta ga laifinta ba. Ba don mahaifinta ba ne, ita ma da tuni ta tashi.

Sati biyu ke nan da maruru ya fito wa Baba a gefen cinyar dama. Ya faro kamar ƙwayar wake. Yanzu ya kai tafin hannu, ya yi jawur, fatar wurin tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ta wata 'yar kafa a gefensa wani ruwa rawaya-rawaya yake tsatsowa, shi ne mai warin. Auta ke wanke zannuwan kullum da safe. Ta canza sabulu har sau uku, ta gwada ruwan zafi, amma warin ya kama mata hannu, har a shagon da take ɗinki uwar ɗakinta ta sa aka janye kekuna ana neman mushen ɓera. Auta ta taya su nema, kanta a sunkuye. Abinci ma ya daina shiga. Da ta kai loma baki sai launin ruwan nan ya faɗo mata a rai.

Shekara arba'in Baba yana fawa. Cikin ƙarnin jini da kitse Auta ta tashi, shi ya sa da ta girma ta zaɓi ɗinki, sana'ar da babu abin da ke ɗiga a cikinta. Sai ga shi abin ya biyo ta har gida. Mahaifiyarta ta rasu, Yayanta kuwa, wanda ya gaji teburin naman, daga bakin ƙofa yake leƙowa ya ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi," ya juya yana riƙe da numfashi.

Wannan ne zuwansu na uku. Zuwan farko likita ya hango ciwon daga bayan teburinsa ya ce, "Bai nuna ba tukuna," ya rubuta ƙwayoyi. Zuwa na biyu ma ya ce bai nuna ba, ya ƙara wasu ƙwayoyin, ya haɗa su da takarda zuwa babban asibiti. A can suka wuni a layi, aka ce su dawo bayan sati uku. Tun shekaranjiya kuma zazzaɓi ya rufe Baba, haƙoransa har haɗuwa suke yi, jan ya fara hawa sama. Auta ta san wani direba a layinsu da nasa ya fara haka. Yanzu da sanda biyu yake tafiya, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an maƙale ta da fil.

Aka kira su. Ta kama Baba ya dogara da kafaɗarta, zafin jikinsa yana ratsa rigarta.

Likitan saurayi ne mai tsafta, farar rigarsa a goge, ɗakin yana ƙamshin turarensa. Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinyar da ke yanka kati, ta taɓa gaya wa Auta cewa yana cikin masu koyon aikin likitan iyali, irin likitan da ake so ya iya da kowa, yaro da tsoho, mace da namiji, kuma saura kaɗan ya gama. Ba shi da wulaƙanci. Har miƙewa yake yi in tsoho ya shigo.

"Baba, an dawo? Ya ƙarfin jikin?"

"Jiki ga shi nan, Likita. Ya ƙi ni."

Likita ya zagayo, ya tsaya nesa kaɗan. Ya sa bakin biro ya ɗaga gefen zanen. Warin ya taso ya danne turaren nan take. Ya saki zanen da sauri, ya koma kujerarsa, ya hau duba wani abu a waya. Yana cikin karatun, ba tare da ya lura ba, ya ɗora biron nan a kan leɓensa yana ɗan bugawa. Auta ta kawar da kai ta zuba wa kalandar bango ido tana haɗiye yawu.

"Da saura kaɗan," in ji likita. "Bai gama nuna ba. Zan canza maganin, in ba shi mai ƙarfi, zuwa ranar da suka ba ku a can."

Auta ta riga ta miƙa hannu za ta karɓi katin. Haka ta saba, in babba ya yi magana sai ta ce to. Amma Baba bai motsa ba. Ya jingina da bango, idanunsa sun kaɗa, gumi yana bin gemunsa.

"Likita, ni ban yi boko ba. Amma shekara arba'in ban taɓa sayen dabba ban shafa ta ba. Saniya mai ƙurji a ƙarƙashin fata, ido ba ya gane ta, sai hannu. Sau uku ina zuwa wurinka, ko da ɗan yatsa ba ka taɓa ni ba. Da me ka san bai nuna ba?"

"Akwai alamomin da muke dubawa, Baba."

Sista ta turo ƙofa da tarin katuna a hannu, ta tsaya jin zancen.

"Ɗana," in ji Baba, muryarsa a ƙasa, "ka gaya mini tsakaninka da Allah. Shi ne bai nuna ba, ko kai ne ba a nuna wa ba?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Likita ya ajiye biron, ya dubi Sista, ya dubi ƙofa, sannan ya dubi hannuwansa.

"Na sha gani ana yi," ya ce.

"Ni ma na sha ganin jirgin sama yana tashi," in ji Sista. Ta dire katunan a kan tebur.

"In Oga, babban likitanmu, ya dawo..."

"Oga yana taro. Jiya yana taro, gobe ma yana taro. Ranar da za a binne ni ma yana taro."

"To Sista, ke ki yi mana. Kin fi ni sanin abin nan."

"Ni?" Ta dafa ƙirji. "Bara na tsaga wa wata mata, ta warke sumul, ladan da na samu takardar gargaɗi ce, wai na shiga gonar da ba tawa ba. Saura shekara ɗaya in ajiye aiki. Hannuna ba zai ƙara taɓa aska a gidan nan ba. Kai aka ba farar riga." Ta gyara tabarau. "Amma dai ban ga inda aka rubuta an hana ni magana ba."

Likita ya girgiza kai. Ya ce akwai jijiyoyi a cinya, in aka kuskure fa? Ya ce gara a bar wa waɗanda suka ƙware. Ya jawo katin ya fara rubutu, da kyakkyawan rubutunsa mai tafiya a miƙe.

Auta ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Muryar da ta fito 'yar ƙarama ce, sai da likita ya ɗago ya ce, "Na'am?"

"Jiya da rana Baba ya kira ni da sunan mahaifiyata. Bai gane ni ba." Ta murza bakin mayafinta. "Ni ke wanke zanen nan, Likita. Ba so nake ba. Ƙyama nake ji, Allah ya gani, har ba na iya cin abinci. Amma ina wankewa."

Sai da ta faɗa ta tuna Baba yana jin ta. Ta kasa kallon inda yake. Shi kuwa dariya ya ɗan yi, mai haɗe da tari.

"Gaskiyarta. Ni kaina da zan iya barin ƙafar nan a gida in fita, da na bar ta."

Likita ya daɗe yana kallon rabin layin da ya rubuta. Daga nan ya rufe katin.

"Sista, a shirya ɗakin wanke ciwo."

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya mai shimfiɗar roba wadda ta tsattsage a gefe, da bokitin shara da ya cika da tsohuwar auduga har murfin ya ƙi rufuwa. Fanka tana juyawa a kasale. Sista ta soki yatsan Baba ta auna sukari, ta ce ya ɗan hau amma ba zai hana aiki ba. Ta jera kaya a kan tire: aska cikin takardarta, allura, hantsaki, auduga, ruwan gishiri. Auta ta juya za ta fita.

"Ina za ki, 'yan mata? Hannu biyu Allah ya ba ni, kuma duk da aikinsu. Zo ki riƙe wannan."

Ta sa mata safar hannu, ta miƙa mata wata tasa ta ƙarfe mai lanƙwasa.

"Ka ga wannan, ƙoda ce sak," in ji Baba. "Ta raƙumi."

Ya yaye zanen da kansa har sama. Auta ba ta taɓa ganin cinyar mahaifinta a buɗe haka ba. Ta runtse ido.

"Buɗe idonki, Auta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya juya ga likita. "Kawo yatsu biyu. Ɗaya nan, ɗaya nan. Danna da wannan, ka saurara da wancan. Me ka ji?"

Likita ya danna a tsorace, kamar mai taɓa garwashi. Sai fuskarsa ta canza.

"Yana gudu. Ruwa ne, yana turo ɗayan yatsan."

"To shi ke nan nuna. Tun ran Laraba yake haka."

Likita ya wanke wurin da wani ruwa mai launin ƙasa, ya yi allurar kashe zafi a kewaye. Wannan kam ya iya, hannunsa bai yi gardama ba. Amma da ya ɗauki askar sai gwiwar hannunsa ta tashi sama. Sista ta tsaya a bayansa, hannuwanta a goye a baya don kada ma a ce.

"Bi tsawon ƙafar, kada ka gitta. Nan inda ya fi laushi. Babbar jijiyar tana can ta ciki, ba ruwanka da ita."

Ya ja askar. Wani siririn layi ya fito, jini ya ɗan tsatso, shi ke nan.

"Susa kake yi mini?" in ji Baba. "Kafa gefen hannunka a jikina, kada ka bar shi yana lilo a iska. Mai tsoron wuƙa sau uku yake yanka, kuma dabbar ce ke shan wahalar. Shiga sau ɗaya."

Likita ya kafa hannun. Ya ja numfashi, ya danna.

Abin ya fashe da wani ɗan sauti kamar an taka ruɓaɓɓen tumatir. Mugunya ta yi tsalle ta sauka a gaban farar rigar, sauran ta kwararo cikin tasar, mai kauri, rawaya da kore, da gudaji-gudaji da zaren jini a ciki. Warin da Auta ta yi sati biyu tana wankewa ashe ɗan aike ne, yau uban gidan ya iso. Ya cika ɗakin, ya shiga baki, har ɗanɗanonsa ana ji a harshe. Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne ɗumin. Tana jin sa ta cikin ƙarfen tasar, ta cikin safar, yana ratsa tafin hannunta, kuma tasar tana ƙara nauyi.

Likita ya ja da baya, kafaɗunsa suna tashi, yana kakarin amai a bayan ƙyallen da ya rufe hanci.

"In amai za ka yi, ga bokiti can," in ji Sista. "Ka yi ka dawo, ba a gama ba. Yarinyar nan ma tana tsaye."

Bai yi ba. Ya haɗiye, idanunsa sun cicciko, ya dawo.

"Yanzu sa yatsanka ciki," in ji Sista. "Eh, ciki. Ɗaki-ɗaki ne da shi kamar gidan haya, in ka bar ɗaya a rufe, sati mai zuwa sabon ɗan haya ya tare. Zagaya ka farfasa su."

Yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Nan allurar ba ta kai ba. Baba ya damƙi ƙarfen gado ya saki wata ƙara da Auta ba ta taɓa jin irinta daga bakinsa ba, ya kira sunan Allah, ya kira tsohuwarsa da ta shekara talatin a ƙasa.

"Af, sarkin yanka," in ji Sista, "ashe wanzami ba ya son jarfa."

"Ke dai bari," in ji Baba yana haki. "Yau na san abin da na yi wa awaki."

Wata sabuwar mugunyar ta sake ɓullowa, har sau biyu. Auta ta juyar da tasar a inda Sista ta nuna mata, ta dawo ta sake tarawa. Likita ya wanke ramin da ruwan gishiri har ruwan ya koma fitowa ja-ja mai tsabta, sannan ya cusa doguwar auduga a hankali da hantsaki, Sista tana cewa kada ya danƙara, ya bar wutsiyarta a waje. Ya naɗe da bandeji. Naɗin ya karkace, ta sa ya warware ya sake.

Auta ta ajiye tasar, ta tuɓe safar, ta fita da sassarfa. A bakin famfon da ke bayan ginin ta durƙusa ta yi ta amai, ba komai a cikin sai ruwa mai ɗaci. Ta wanke hannu har gwiwa, ta wanke fuska, ta kurkure baki sau bakwai. Ta daɗe a tsugune tana kallon ruwan yana bin kwata.

Da ta koma, Baba yana kwance an ɗaura masa ƙarin ruwa, an yi masa wata allurar. Ya jiƙe sharkaf da gumi, amma haƙoran sun daina haɗuwa. Ya buɗe ido ya dube ta sosai.

"Auta ce? Ƙafar ta yi sakayau, kamar ba tawa ba. Je ki karɓo katin."

Ta tarar da likita a ɗakinsa, ya tuɓe farar rigar ya dunƙule ta a kusurwa. Fuskarsa ta faɗa, amma akwai wani haske a idonsa. Ya ce a kawo Baba kullum da safe, shi da kansa zai riƙa canza audugar, kuma in zazzaɓin bai sauka ba zuwa gobe, a motar asibiti za a kai shi babban asibiti, ba layi. Yana magana yana zaro wani littafi mai koren bango daga jakarsa. Ya buɗe, ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya bayansa, ya dawo.

"Me ya ɓata?" in ji Sista daga bakin ƙofa.

"Gurbin da zan rubuta na yau."

Sista ta leƙa, ta yi tsaki mai tsawo. Ta dubi Auta.

"Kin ga littafin nan? Shi ake dubawa kafin a ba su takardar gamawa. Kowane aikin hannu sai mutum ya yi goma, babban likita ya shaida."

Auta ba ta da saurin karatu, amma lambobi ba sa ba ta wahala. Layi goma ne a shafin, daga ɗaya zuwa goma, duk a cike. A ƙarshen kowane layi akwai sa hannu iri ɗaya, da tawada iri ɗaya.

"Rana ɗaya Oga ya sa musu hannu, su shida, a kan bayan motarsa," in ji Sista. "Ni na riƙe masa jaka."

"Kowa haka ya yi," in ji likita, bai ɗago ba. "In ka ce sai ka yi da hannunka, shekara za ka ƙara."

Iskar fanka ta ɗaga shafin, ta ɗaga na bayansa. Ɗinkin rauni, goma. Cire farce, goma. Karɓar haihuwa, goma. Ko'ina a cike, babu gurbi ko ɗaya.

"Wata mai zuwa za a tura shi ƙaramin asibiti a bayan gari," in ji Sista. "Shi kaɗai, ba Oga, ba ni."

Likita ya danne shafin da tafin hannu. A ƙasan layi na goma akwai ɗan farin wuri. Ya ja layi da kansa, ya tsaya jim, Auta tana kallon hannunsa. Sannan ya rubuta sha ɗaya.

Ta karɓi katin da hannu biyu, ta ce an gode, ta fito.

A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da mai bi musu a layi, wani magini da ƙurar siminti har gira, ya naɗe hannunsa da tawul, jini yana ɗiga a kan takalminsa. Ya yi mata murmushin wanda ya iso inda za a cece shi.

"'Yar'uwa, likitan yana ciki? Ɗinki kawai za a yi mini."

Auta ta dubi tawul ɗin da ke hannunsa. Ta matsa ta ba shi hanya. Kafin ƙofar ta rufu ta jiyo muryar Sista daga ciki.

"Likita, sa sabuwar safa. Wannan ma ka yi goma."